Yaron da ba shi da hira sai ta hadari da guguwa: wace kyauta ta dace da shi?

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a nan cikin Kano, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu yaro ɗaya ko biyu irin wannan ba. Da zarar gabas ta yi baƙi, hankalinsa ya bar allo ya koma taga. Ana cewa a rufe tagogi iska ta taso, shi kuwa wuya yake miƙawa. Iyaye da dangi sukan tare ni a bakin makaranta ko bayan an idar da salla su ce, Malam, yaron nan ya yi sauka, ko ya ci jarrabawa, ko ga Salla ta matso, me za mu saya masa? Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wannan son tsawa da guguwa lafiya kuwa? Sa'o'insa na gudu ɗaki, shi yana leƙe.

Lafiya ƙalau, Hajiya. Yaron da ya ga sama ta turnuƙe ya tsaya yana tambayar daga ina wannan iska ta fito, yaro ne mai lura, kuma lura ita ce mafarin ilimi. Ko a allonsa zai iske sura guda, ta 13, sunanta Ra'ad, wato tsawa.

Abin da yake damuna shi ne inda wannan so yake ƙarewa a yawancin gidaje: a wayar babansa, bidiyo bayan bidiyo na gidajen Amurka suna tashi sama, har yaro ya ɗauka abin al'ajabi a can kawai yake. Alhali kuwa garin da aka haife shi, a cikin shekara guda, zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu, a Agusta a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, a Janairu hazo ya rufe Dala har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano.  Shi ya sa shawarata kullum ɗaya ce: a ba shi abin da zai fito da shi daga kallo ya sa shi awo.

In abu ɗaya kawai zan iya ba shi, mene ne?

Ma'aunin ruwan sama, haɗe da littafin rubutu mai bango mai kauri. Ban taɓa sauya wannan amsa ba.

Ma'aunin ba wani abu ba ne illa mazubi mai miƙaƙƙen jiki da aka yi wa zanen milimita. Ruwa ya sauka, da safe yaro ya je ya duba inda ya kai, ya rubuta, ya zubar, ya mayar. Da jin haka mutum zai ce ai wannan ba abin wasa ba ne, yaro zai gaji. Ba ya gajiya, domin lambar tana da ma'ana. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. To a ce rufin gidanku mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, aka yi ruwan milimita 20 da daddare. Lita 2,000 ke nan ta bi ta indararo, wato jarka 80 mai cin lita 25. Ranar da yaro ya yi wannan lissafi da hannunsa, ya juyo ya tambayi innarsa kura nawa ke nan ta mai ruwa, ranar ne za ku ga idonsa ya buɗe. Daga nan shi da kansa zai fara jin haushin ruwan da ke bin kwata a banza.

Ruwan da Kano ke samu a shekara yakan kama wajen milimita 800 zuwa 1,000, wata shekara ya gaza, wata ya zarce, kuma Agusta ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Idan yaro ya jure tun daga ruwan fari har zuwa kaka, a ƙarshe zai tara lambobinsa ya ce ga abin da ya sauka a tsakar gidanmu bana. Babu wanda ke da wannan lamba a duniya sai shi. Na taɓa haɗa ɗalibai biyu, ɗaya a Kurna ɗaya a Sharaɗa, suna kwatanta littafinsu duk safiya, sai suka gano da kansu cewa ana iya tafka ruwa a wata unguwa wata kuwa yayyafi kawai ta gani. Wancan karin maganar na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, su da rula suka tabbatar da shi.

Littafin kuwa a raba masa shi gida-gida: kwanan wata, yawan ruwa, daga ina iska ta taso, da fili ɗan kaɗan na abin da ya gani. A bar shi ya yi zane a ciki. Kada a gyara masa rubutu a wannan littafi, nasa ne.

Ina ake samun wannan ma'auni? Kuma in babu hali fa?

Masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu a wajejen Sabon Gari su ne farkon waɗanda za a tambaya, sai kuma masu kayan noma. Amma ni na fi son a haɗa shi a gida, ko da akwai hali, domin haɗawar ma kyauta ce.

A samu gorar ruwa babba wadda jikinta yake a miƙe, ba mai ƙugu ba. A yanke kanta daga inda ta fara tsukewa, a kifa kan a cikin gangar jikin ya zama mazurari, wanda zai rage wa rana shan ruwan. A zuba 'yan tsakuwa a ƙasa don kada iska ta kayar da ita, a zuba ruwa ya rufe tsakuwar, a ɗaure rula a jiki ta yadda sifilinta zai zauna daidai saman wannan ruwa. Shi ke nan. Wanda ya ga wannan ya yi yawa, babban gwangwanin madarar gari ma ya isa: a tsoma rula a karanta.

Wurin ajiyewa ya fi ma'aunin kansa muhimmanci. A nesanta shi da indararo, da katanga, da ƙarƙashin darbejiya, a sa shi a fili inda sama ce kawai a bisansa, kuma inda akuya da kaji ba za su kai ba. A riƙa dubawa a lokaci ɗaya kullum, misali ƙarfe 7 na safe kafin tafiya makaranta. Kada a ɗora shi a kan rufi, don kada a wayi gari yaro yana hawa kwano jiƙaƙƙe.

To ai damina wata huɗu ce ko biyar. Sauran shekara me zai auna?

Nan ne Kano ta fi garuruwa da yawa daɗi ga irin wannan yaro, domin rani ma cike yake da abin awo.

A saya masa ma'aunin zafi na bango, wanda yake farawa daga ƙasa da sifili ya kai digiri 50. A kula, na kemis da ake sa wa mara lafiya a hammata ba zai yi ba, iyakarsa wajen 35 zuwa 42. A rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada rana ta taɓa shi, kada kuma ya jingina da bangon da rana ke gasawa. Ya duba da asuba, ya duba wajen ƙarfe 3 na rana. A watan Janairu zai ga asuba ta sauko ƙasa da digiri 15, azahar kuwa ta kusa 30, tazarar da za ta ba shi mamaki. A Afrilu zai ga lambar da za ta fahimtar da shi dalilin da ya sa kowa ke kwana a tsakar gida.

In da hali a sayi biyu. A naɗe gindin ɗaya da ƙyalle mai laima, a bar ɗayan a bushe, a rataye su gefe da gefe. Mai ƙyallen zai nuna ƙasa da ɗan uwansa, domin ruwa in yana bushewa yana tafiya da zafi. A hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu babba ce; a tsakiyar marka kuwa kusan kansu ɗaya. Wannan shi ne sirrin sanyin ruwan randa, kuma da shi wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ina son yara su ji wannan labari, su san mutumin da ya lura da iskar ƙasar nan ya yi abin da duniya ta jinjina masa.

Hazo ma ana auna shi ba tare da an sayi komai ba. Ya zaɓi abubuwa uku da yake hangowa daga ƙofar gida, na kusa da na tsakiya da na nesa, kamar hasumiyar masallaci, da ƙarfen sabis, da Dala ko Goron Dutse in ana hango su. Kullum ya rubuta wanne ya ɓace. Sai a nuna masa a taswira inda ƙurar take fitowa: akasarinta daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso farar ƙasa. Ƙurar da innarsa ke gogewa a kan talabijin, 'yar uwarta tana ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon.

Sannan ga wani abu na kyauta: a daren hunturu, a kashe fitila a ja bargon roba da sauri, za a ga tartsatsi yana ƙyas-ƙyas. Walƙiya ce ƙarama. Balan-balan guda ɗaya da aka goga a gashi zai ɗaga gutsattsarin takarda, kuma ba ya yin haka da kyau sai iska ta bushe.

Yaya, ɗan nan fa guguwar Amurka yake so, mai kama da mazurari. Ma'aunin ruwa ba zai burge shi ba.

To a fara masa da ita. A samu gora biyu iri ɗaya, a cika ɗaya da ruwa kashi biyu cikin uku, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan da ɗan shuɗi, a huda murafen biyu a haɗa su baki da baki, a naɗe da salatif sosai. A juya mai ruwan ta koma sama, a wulwula ta, sai ga mazurarin yana juyawa a ciki. Yaro zai yi wannan sau hamsin bai gaji ba.

Amma kada a tsaya nan. A haɗa masa da taswirar duniya, ta bango ko mai siffar ƙwallo, domin abubuwa uku ne muke kira guguwa kuma ba ɗaya suke ba. Wadda take tashi a filin ƙwallo da tsakar rana a bazara, ta kwashi leda da kara ana ta ta'awizi, daga ƙasa take farawa: ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi tana juyawa, sama kuwa garau. Mai mazurarin da yake gani a waya daga girgijen tsawa take saukowa. Amurka tana samun fiye da 1,000 irinta a shekara, musamman a jihohin tsakiya kamar Oklahoma da Kansas da Texas, kuma a Oklahoma ne a watan Mayu na 1999 aka auna iskar wata ta haura kilomita 480 a awa. Ta uku ita ce ta teku, wadda faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita, ba ta kuma tashi sai a kan ruwan da ɗuminsa ya kai wajen digiri 26 ko 27. Irinta ce Idai da ta afka wa birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019.

Yanzu ga abin da nake ajiyewa sai ƙarshe in ina koyar da wannan darasi. Kowane Bakano ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa ya yi yamma. Waɗannan hadura suna tafiya ne cikin wasu igiyoyin iska da ke ratsa yankin Sahel duk bayan kwana 3 zuwa 5 a damina, su wuce Nijar da Mali, su faɗa teku ta gaɓar Senegal. Mafi yawansu a can suke mutuwa. Kaɗan kuwa sukan samu ruwa mai ɗumi su girma, kuma daga cikinsu ne akasarin manyan guguwowin Atlantika suke fitowa. Wato hadarin da ya sa aka kwashe shanya a Fagge yau, ba mamaki bayan mako biyu a ji an raɗa masa suna ana gargaɗin mutanen Amurka. Ɗan ƙanwata da na nuna wa wannan da yatsa a kan taswira, tun daga ranar ya daina raina hadarin Kano.

Akwai abin da za a ba mai son walƙiya da tsawa wanda ba zai jefa shi cikin haɗari ba?

Agogon hannu mai ƙirga daƙiƙa, irin na roba mai araha. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin wajen mita 340 ne a daƙiƙa, wato kilomita 1 a daƙiƙa 3. Ya ga walƙiya ya danna, ya ji cida ya tsayar, ya raba da 3. Daƙiƙa 9 kilomita 3 ke nan. In lambar tana raguwa hadari na matsowa, in tana ƙaruwa ya wuce. A faɗa masa kuma cewa walƙiya tana zafafa iskar da ta ratsa har wajen digiri 30,000, kusan ninki biyar na zafin fuskar rana, kuma fashewar wannan iska ce ƙarar da yake ji.

Sai dai agogon yana tafe da sharaɗi, kuma a faɗi sharaɗin a gaban babansa don ya zama doka. Daga cikin ɗaki ake ƙirga. Duk wanda yake jin tsawa, aradu na iya kai masa. Ba a tsayawa a filin ƙwallo, ba a fakewa gindin bishiya, ba a hawa soro, ba a taɓa waya tana jikin caji, kuma sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe ake fita. Mota mai rufi a kulle mafaka ce. Adaidaita Sahu da babur ba mafaka ba ne. Na lura yaron da ya san dalilin doka ya fi riƙe ta, har ya zama shi ke kora ƙannensa ciki.

Tamu yarinya ce. Waɗannan kayan ba na maza ba ne?

Ruwan sama bai san mace ko namiji ba, Alhaji. Littafin awo mafi tsafta da na taɓa dubawa na wata ɗaliba ce, damina guda cur ba ta tsallake rana ɗaya ba. Kuma duk abin da na lissafa a tsakar gida ake yin sa. A ba ta, a kuma riƙa tambayarta a gaban yayyenta maza milimita nawa aka yi jiya.

Namu shekararsa 4 ce, bai iya karanta rula ba.

Filfilo, da rigar ruwa daidai jikinsa, da 'yar lema. A kafa masa kara a tsakar gida a ɗaura ƙyalle mai launi a kai, kullum ya faɗi ina ƙyallen ya nufa, wajen alƙibla ko wajen faɗuwar rana. A maimakon littafi a ba shi kalandar bango da fensir mai launi: ranar rana ya zana rana, ranar ruwa ya zana ɗigo, ranar hazo ya shafa toka-toka. Tsakuwa da murafen gora kuwa a nesanta su da bakinsa.

In saya masa waya ko kwamfutar hannu don ya riƙa duba hasashe?

Ban ba da wannan shawara ga yaron firamare. Ya fi kyau sau ɗaya a rana ku zauna tare a wayarki ku buɗe manhaja irin Windy, wadda ke nuna iska da girgije suna tafiya a kan taswira, ku nemo Kano, ku duba abin da ke tafe daga wajen Borno da Chadi. Ku kuma saurari hasashen NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa da aka kafa da doka a 2003, wadda a farkon kowace shekara take fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta. Ya rubuta abin da suka ce a gefe guda, abin da ma'auninsa ya nuna a ɗaya gefen. Ƙaramin rediyo nasa na kansa ya fi waya amfani a wannan aiki, ga shi ba ya cin data.

Littattafai fa? Mun zaga ba mu ga na Hausa a kan wannan ba.

Na Turanci masu hotuna akan dace da su wurin masu sayar da littattafan gwanjo, kuma ko yaro bai iya karanta su duka ba, hotunan girgije kaɗai sun biya kuɗinsu. Taswirar makaranta mai shafukan ruwan sama da zafi ita ma kyauta ce mai daɗewa. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan ga wanda zai iya kai yaro.

Na Hausa kuwa, shi zai rubuta. A ba shi littafi na biyu a tura shi wurin kakarsa da tsofaffin unguwa ya tattaro kalmomi: mene ne bambancin yayyafi da marka, cida da aradu, raɓa da hazo, bazara da kaka? Me ya sa ake cewa bakan gizo ya shanye ruwa? Wace alama manomi ke gani ya ce yau za a yi? Ya tambaye su farin 1973, da na 1984, da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988. Waɗanda suka ga waɗannan da idonsu suna nan da ransu, amma ba kullum za su kasance ba, kuma tsoho ba ya jin daɗin komai kamar jika ya zo da biro ya ce Kaka ba ni labari.

Wani baffa ya taɓa yi wa ɗan wansa katuna da kwali, kowanne da tambaya a gaba amsa a baya, na kuwa yaba. Zafi mafi tsanani da aka rubuta: digiri 56.7 a Kwarin Mutuwa na Kalifoniya, 1913. Sanyi mafi tsanani: digiri 89.2 ƙasa da sifili a tashar Bostok ta Antatika, 1983. Ƙanƙarar da ta faɗo a jihar Dakota ta Kudu a Amurka a 2010, faɗinta santimita 20. Ƙauyen Mausinram na Indiya, inda ruwan shekara ke haura milimita 11,000, fiye da na Kano ninki goma. A ƙara masa da ma'aunin iska na Bofot, wanda wani jami'in sojan ruwan Ingila ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12, kuma ido kawai yake buƙata: hayaƙi ya miƙe sak 0 ne, ƙura da takarda sun tashi 4, lema ta gagara riƙewa 6, ƙananan rassa na karyewa 8.

Me za mu guje wa?

Ma'aunin zafi mai ruwan azurfa a ciki, wato zaiba, domin in ya fashe guba ne. A nemi mai jan ruwa ko mai lamba. Jirgin leda da ake saki da zare yana da kyau a fili a ranar da sama take garau, amma ba kusa da wayar lantarki ba, ba kuma in hadari ya haɗu ba. Takalmin ruwa ina ɗari-ɗari da shi, saboda yana sa yaro jin zai iya shiga ko'ina. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, balle yaro, kuma in titi ya cika ba a gane inda lambatu yake. Kududdufi kuwa duk damina sai mun ji abin da ba ma so. In za a ba shi takalmin, a haɗa da wannan magana.

Na'urar yanayi mai tsada da ke aika lambobi zuwa waya ita ma a dakata da ita sai ya kai sakandare. Wadda ke yin komai da kanta ba ta barin yaro ya yi komai.

Maimakon kaya, akwai inda za a kai shi?

A hau Dala da shi da yammacin wata rana a farkon damina, lokacin da girgije ke ginuwa can nesa kuma babu tsawa, ya ga birni duka a ƙarƙashin sama ɗaya. Dogon girgijen nan mai kai kamar maƙera yana iya haura kilomita 15 a ƙasashenmu masu zafi. A nuna masa shi, da zarar an ji cida kuma a sauko. A kai shi madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sau ɗaya a ƙarshen rani sau ɗaya a kaka, ya ga inda ruwa yake a kowane zuwa. Ziyarar ma'aikatan yanayi kuwa ta hannun makaranta ta fi sauƙi: a roƙi malamin labarin ƙasa ya rubuta takarda, a nemi ta dace da 23 ga Maris, ranar yanayi ta duniya.

Tun da katangarmu ta faɗi a ruwan bara, yarinyarmu ba ta da zance sai na ambaliya, amma hadari na haɗuwa sai ta hau kuka. Kyautar irin wannan ba za ta ƙara mata tsoro ba?

Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar da alheri. Wannan yarinya yawan tambayarta neman natsuwa ne, don haka a rage mata bidiyon ambaliya, irin na Maiduguri na Satumbar 2024 da ya yi ta yawo a wayoyi. A ba ta aiki a hannu. 'Yar jaka tata, da tocila, da usur, da leda mai kauri ta sa littattafanta. Ita ce mai duba magudanar gida kafin damina tare da babanta, ita ce mai cewa a kwashe shanya. A koya mata addu'ar saukar ruwa, Allahumma sayyiban nafi'an, ku riƙa yi tare da ƙarfi. Ma'aunin ruwa ma yana taimakawa, domin ruwan da aka san milimitarsa ya fi wanda ba a sani ba sauƙin ɗauka a zuciya. In tsoron ya kai ga hana ta barci ko cin abinci, a kai ta ga likita, kada a ce za ta saba.

Yaushe ya fi dacewa a ba shi?

Ma'aunin zafi a Disamba, ya kama sanyi tun daga farkonsa ya bi shi har zafin bazara. Ma'aunin ruwa kuwa a Afrilu, a kafa shi ya zauna a bushe yana jira, domin ruwan fari a Kano yawanci a Mayu yake sauka, wani lokaci ya yi sammako. A rubuta kwanan wata a shafin farko, kuma wanda ya ba da kyautar ya karɓi lambar wayar gidan, ya kira washegarin ruwan farko ya ce a ba shi yaron.